Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shehunan Malaman Kasuwanci da Tarihi na Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya gafarta malamai, ya ƙara sani. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyali da ɗalibai, ina neman izini in yi magana a gabanku, ko da yake ni ba ɗan cikinku ba ne. Sana'ata riƙe wa 'yan kasuwa littafin shige da ficen kuɗi a Kano, sai kuma karance-karance da na ɗora wa kaina idan an tashi daga kasuwa. Na zaɓi in rubuto a fili ne domin maganar ta shafi mutanen da ba sa shiga zauren taronku, kuma ina so su ma su ji.

Maganar ita ce: an yi bincike mai yawa, mai kyau kuma, a kan fatauci da cinikin ƙasar Hausa, amma masu cinikin ba su san an yi ba. Ilimin yana hannunku, da Turanci da Faransanci, a ɗakunan karatun da ɗan kasuwa ba ya takawa. Shi kuma ɗan kasuwa yana riƙe da wani ilimin a ka, wanda ba a rubuta ba, kuma kullum ana binne shi tare da masu shi. Tsakanin Kantin Kwari da tsohuwar harabar Jami'ar Bayero ba wata tafiya ba ce, ɗan sahu ɗaya zai kai ka, amma abin da aka sani a can ba ya zuwa nan, na nan ma ba ya zuwa can.

Bari in fara da abin da aka riga aka rubuta, domin 'yan'uwana na kasuwa su ji girman abin da nake nema musu.

A 1824 Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya shiga kasuwar Kurmi, ya rubuta abin da ya gani. A cikin bayaninsa akwai cewa idan aka sayi riga ko turkuɗi a Kano aka tafi da shi Barno ba a kwance ba, sai a can aka tarar kayan ba su kai yadda aka faɗa ba, to dawo da su ake yi, domin an rubuta sunan dillali a cikin kowane ƙunshi. Dillali ne zai nemo mai kaya, dokar gari kuma ta tilasta masa mayar da kuɗi. Shekara ɗari biyu ke nan. Yau idan aka zo koya wa yaranmu kare haƙƙin mai saye, da misalin Amurka ake farawa. A 1851 kuma Heinrich Barth, Bajamushe, ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke saƙawa tana rinawa tana fitarwa waje sun kai na wuri miliyan 300 a shekara, ana kai su har Timbuktu da Murzuk da Tarabulus. Marigayi Philip Shea, wanda ya yi shekaru yana koyarwa a Jami'ar Bayero, a kan wannan sana'ar ta rini ya yi digirinsa na uku a 1975, ya bi marinan Kura da sauran garuruwan Kano ya nuna yadda suka riƙe kasuwar Buzaye. Marinan Ƙofar Mata suna nan, na Kura ma akwai sauransu. Mutum nawa ne a cikinsu aka taɓa karanta wa shafi ɗaya na wannan aiki?

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne aikin Paul Lovejoy a kan fataucin goro tsakanin 1700 da 1900. Ya zauna da dattawan Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari wajen 1969 da 1970, suka ba shi labarin iyayensu da kakanninsu: yadda ake haɗa ayari, aikin madugu da jagaba da uban dawaki, abin da ake biya a mafita da zango, yadda ake ɗaukar kanwa da fata da tufafi a gangara Gwanja a dawo da goro daga Salga. Da Hausa suka ba shi labarin. Da Turanci littafin ya fito a 1980. Jikokin waɗannan dattawa su ne manyan masu shaguna a Kano yau, kuma da yawansu sai dai su ce maka “mu Agalawa ne”, daga nan labari ya ƙare. Ban ga laifin Lovejoy ba, ya yi nasa, ya kuma kawo littafin Zariya aka buga. Madaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ce ta fitar da shi. Ita ce kuma ta fitar da littafin Mahdi Adamu na 1978 a kan bazuwar Hausawa a Afirka ta Yamma, da na Jan Hogendorn a kan asalin cinikin gyaɗa, shi ma a 1978. Littattafai uku ke nan waɗanda ba sai an je Landan neman su ba. A gidanku aka haife su.

Na Hogendorn ɗin ma darasi ne da ya kamata kowane ɗan Dawanau ya sani. Lokacin da layin dogo ya iso Kano a 1911, Turawa auduga suke hange, domin masaƙun Ingila. Manoma da fatake suka duba farashi, suka duba wahalar noma, suka ga gyaɗa ta fi, ga shi idan ciniki ya ƙi ana iya cinye ta. Tsofaffin fataken goro irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo suka juya jarinsu da yaransu zuwa ƙauyuka sayen gyaɗa, kafin Alhasan Ɗantata ya shigo a 1918 ya shige gaba. A 1913 gyaɗar da aka fitar ta haura tan 19,000, alhali shekaru biyu kafin nan ba ta kai tan 2,000 ba. Ba gwamna ne ya tsara wannan ba, mutanen kasuwa ne suka karanci kasuwa. Sannan labarin yadda dalar gyaɗa ta ɓace, da farin 1972 zuwa 1974, da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975, da yadda hukumar sayen amfanin gona ta riƙa danne farashin manomi, da kuɗin man fetur da suka ɗauke hankalin gwamnati, duk an rubuta. Yau muna cikin zamanin riɗi da zoɓo da citta da waken suya, kowa na ta zuba jari, kuma tarihin amfanin gonar da ya taɓa ɗaga Kano ya kuma sauke ta yana kulle a harshen da mai sayen riɗi ba ya karantawa.

Haka abin yake ko'ina aka juya. Abner Cohen ya zauna a Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya bayyana yadda ake sayar wa mahautan Yarabawa shanu bashi ba tare da takarda ba, maigidan da ya sauki Bahaushe mai shanu shi ne ke tsaya masa, idan mahauci ya gudu shi zai biya. Polly Hill ta zauna a Batagarawa ta Katsina a 1967, ta rubuta yadda mata ke gudanar da babban ciniki daga cikin gida ta hannun yara masu talla, da yadda talaka ke sayar da hatsinsa da kaka da arha ya dawo ya saya da tsada da bazara. Emmanuel Grégoire ya rubuta tarihin Alhazan Maraɗi da Faransanci a 1986, Stephen Baier ya yi na tattalin arzikin Damagaram a 1980. Ibrahim Tahir ya yi digirinsa na uku a Kambirij a 1975 a kan alaƙar malamai da 'yan ɗariƙa da attajiran Kano. Ba na jin akwai wata al'ummar 'yan kasuwa a wannan yanki da aka yi wa rubutu kamar mu. Mun zama kamar iyalin da rumbunsu ke cike, mabuɗin yana wani gari.

Na san abin da wasunku za su ce: ɗan kasuwa ba ya karatu, riba yake nema. Allah ya gafarta malam, wannan ba haka ba ne, kuma tarihi yana hannunku. Alhaji Umaru na Salga, wanda aka haifa a Kano a 1858 a gidan fataken goro, yana saurayi ya rubuta littafin koyar da rubuta wasiƙa wajen 1877, kuma fatake sun amfana da shi. Daga baya a Kete-Karachi ya rubuta bayanai masu yawa da ajami a kan sana'o'i da kasuwannin ƙasar Hausa. Malaman zaure kuma shekara da shekaru suna karantar da babin ciniki na Risala da Muhtasar da Hausa tsantsa, suna warware ƙiradi da salam da shuf'a da jingina ga mutanen da ba su taɓa zama a aji ba. Ku shiga Kwari bayan sallar la'asar ku ga masu shaguna da ke zuwa ɗaukar karatu. Mutumin da zai zauna ya fahimci bambancin riba ta kuɗin ruwa da ribar ciniki a Muhtasar ba zai kasa fahimtar littafin Hogendorn ba, idan aka ba shi da harshensa. Ba karatu ya ƙi ba, ba a kawo masa abin karantawar ba ne.

An kuma taɓa yi. Hukumar NORLA da aka kafa a Zariya a 1954 ta buga ƙananan littattafan Hausa masu arha, aka bi kasuwanni da su ana sayarwa, kafin ta rushe a 1959. Cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana ɗaukar binciken da aka yi a Samaru tana mayar da shi ƙasidu da shirye-shiryen rediyo na Hausa domin manoma. Wato jami'a ta yarda cewa manomi yana da haƙƙi a kan binciken noma, har ta kafa masa cibiya sukutum. To shi ɗan kasuwa fa? Wanne laifi ya yi?

Abu na farko da nake roƙo ke nan: a zaɓi biyar ko shida daga cikin waɗannan ayyuka, a fara da ukun da aka buga a Zariya, a mayar da su Hausa. Ba dole sai fassarar kalma da kalma ba, a taƙaita inda ya kamata, a bar hujjojin da malamai kaɗai ke buƙata. Kuma a ɗauki murya, a raba ta kashi-kashi na minti goma sha biyar, domin mutanenmu masu saurare ne. Direban tirela da ke hanyar Legas da yaron shagon da ke jiran mai saye duk suna da waya a aljihu, gidajen rediyon Kano da Kaduna kuma ba za su ƙi shiri irin wannan ba. Kuna da sassan Hausa masu ƙarfi a jami'o'in biyu, ku ne kuka fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Ma'aikata ba su ne matsala ba.

Amma tarihi rabin magana ne, kuma idan zan faɗi gaskiya ba shi ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ba. Abin da nake gani kullum a bakin aiki shi ne rashin littafin dubawa guda ɗaya, na Hausa, wanda ɗan kasuwa zai buɗe ya ga amsar tambayarsa ta yau. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar yin rajistar kamfani shi kaɗai, ba sai ya nemo wani ya sa sunansa na jeka-na-yi-ka ba. Har yau ina haɗuwa da masu biyan kuɗi a nemo musu “darakta na biyu”. Dokar kuɗi ta 2019 ta yafe wa ƙananan kamfanonin da cinikinsu bai wuce naira miliyan 25 a shekara ba harajin ribar kamfani, amma da yawa sun ci gaba da gudun rajista saboda tsoron harajin da ba ya kansu. A watan Yunin 2025 aka sa hannu a sababbin dokokin haraji da aka tsara su fara aiki a Janairun 2026, kuma abin da ya iso kasuwa a kansu jita-jitar WhatsApp ce, wani ya ce za a riƙa cire kaza daga duk kuɗin da ya shiga asusu, wani ya ce a kwashe kuɗi a mayar gida. Yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka ta fara aiki tun 1 ga Janairun 2021. Mutanen da kakanninsu suka taka da ƙafa har Kumasi da Fotlami (Njamena ta yau) su ne ya kamata su fi kowa sanin abin da ke cikinta, su ne kuma ba a yi wa bayani ba.

Rashin sani a nan asara ce ta kuɗi tsaba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, irin wanda ake zubawa a buhu don kada ya yi ƙwari. Masana a jami'o'inku sun san iyakar abin da aka yarda da shi, sun san buhunan da ke hana iska shiga waɗanda ba sa buƙatar magani. Mai ajiyar wake a Dawanau yana buƙatar wannan a shafi biyu, da Hausa, da hoto. Haka mai son fitar da zoɓo yana buƙatar a jera masa matakai: rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya, takardar banki ta fitar da kaya, shaidar lafiyar tsirrai, abin da kwastan ke nema, da kuɗin da doka ta ce a biya a kowane mataki, domin ya san inda doka ta tsaya da inda “na goro” ya fara. A yanzu wannan ilimin yana hannun 'yan tsakiya, kuma sayar da shi suke yi da tsada.

Kundin da nake nufi ba na ado ba ne mai bango mai ƙyalli da za a ƙaddamar a otal a raba wa manyan baƙi. Littafi ne mai arha, a riƙa sabunta shi duk shekara, a sa shi a intanet kyauta. Ya ƙunshi rajista da haraji da lasisin NAFDAC da na hukumar ingancin kaya, da yadda bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa irin su Jaiz da TAJ ke ba da jari, da samfurin takardar yarjejeniya tsakanin mai jari da mai juyawa, da yadda ake riƙe littafin shago a raba uwar kuɗi da riba. A sa har da ma'auni. Mudun Kano daban, tiyar wani gari daban, kwanon Sakkwato daban, buhun da ake kira na kilo ɗari kuma kowa ya san ba kullum yake kilo ɗari ba. Ɗalibai goma da sikeli za su iya zagaya manyan kasuwannin Arewa a hutu ɗaya su fitar da jadawalin da za a yi shekaru ana amfani da shi.

Wannan ya kawo ni kan ɗalibanku, kuma a nan ina neman afuwa tun kafin in faɗa. Duk shekara dubban ɗalibai a sassan kasuwanci da akanta da tattalin arziki suna rubuta kundin kammala karatu. Suna zuwa mana kasuwa da takardar tambayoyi, “na yarda ƙwarai, na yarda, ban yarda ba”, da Turancin da shi kansa mai rabawar sai ya yi ta in'ina kafin ya fassara. Yawancin batutuwan iri ɗaya ne: tasirin talla a kan cinikin wani kamfanin lemo, tasirin horar da ma'aikata a wani banki mai hedikwata a Legas. A cike, a tafi, ba a sake jin ɗuriyarsu. Ba ɗaya daga cikinsu da ya taɓa dawo mana da sakamako. Alhali tambayoyin gaske suna nan zube ba mai ɗauka. Yaya 'yan canjin Wapa ke tura kuɗi zuwa Dubai da Gwanzu ta ƙasar Sin a kan amana, kuma me ke faruwa idan amanar ta karye? Kashi nawa na kayan Kwari ake bayarwa bashi ga 'yan sarin Maraɗi da Njamena da Garwa, kuma nawa ne ke dawowa? Me rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya yi wa Jibiya da Illela da Maigatari da Mai'aduwa, me kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ta ƙara? A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, an sayi naira da naira a hannun masu POS, dabbobi sun faɗi warwas a kasuwannin ƙauye saboda ba tsabar kuɗi. Wanda ya rubuta farashin kowace rana a lokacin ya riƙe abin da masana za su nema nan da shekara hamsin. Idan ba a bi mutane an tambaye su yanzu ba, mantawa za su yi.

Akwai kuma babbar tambayar da kowane gidan kasuwanci a Arewa ke tsoro: me ya sa dukiya ke watsewa da zarar maigida ya rasu? Kowa a Kano zai iya lissafa maka sunayen attajiran da a shekarun 1970 da 1980 ba a maganar kuɗi sai da su, yau ko allon shagonsu babu. Wasu na ɗora laifin a kan rabon gado, ni kuwa ban yarda ba. Shari'a ta raba haƙƙi ne, ba ta ce a sayar da masana'anta a raba kujeru ba, magada suna iya zama abokan tarayya kowa da kasonsa. Gidan Ɗantata ya ratsa daga Alhasan, wanda ya rasu a 1955, zuwa 'ya'yansa Sanusi da Aminu, har zuwa Aliko Ɗangote ta wajen uwa. Gidan Isyaku Rabi'u ma ya miƙa. Me waɗannan suka yi da sauran ba su yi ba? Ga Makarantar Kasuwanci ta Ɗangote a Jami'ar Bayero, ga cibiyar nazarin bankin Musulunci a jami'ar, ga malaman shari'a da na tarihi. A haɗa su su bi gidaje talatin, waɗanda suka tsaya da waɗanda suka faɗi, a fitar da littafi ɗaya da Hausa. Ina tabbatar muku alhazai za su saya, domin ba wanda ba ya kwana da wannan tunani. Haka nan dangantakar ubangida da yaron shago, yadda ake ɗaukar yaro, shekarun da yake yi, yadda ake sallamarsa da jari ko a ƙi. 'Yan'uwanmu Ibo sun sa an yi ta rubutu a kan irin nasu tsarin har a manyan makarantun kasuwanci na waje. Namu ya girme wa zuwan Turawa, ba mu ko rubuta ƙa'idojinsa ba, shi ya sa rigimar “na yi masa bauta shekara goma sha biyar ya kore ni hannu rabbana” ba ta ƙarewa a ofisoshin ƙungiyoyin kasuwa.

Sai maganar takardu, wadda ita ce mafi gaggawa. A Libiya an tattara wasiƙun fataken Gadamus na ƙarni na 19 an buga su, a ciki har da waɗanda suka shafi cinikinsu da Kano, da lissafin kaya da bashi. Mu namu fa? A gidajen tsofaffin attajiran Koki da Sarari da Ɗandalin Turawa da Fagge akwai akwatuna da adaka cike da littattafan bashi na ajami, rasiɗan kamfanonin Turawa na zamanin gyaɗa, wasiƙu daga Akkara da Kumasi da Makka. Gara tana ci, damina tana jiƙawa, magada kuma idan za a gyara gida sai a ce a ƙone tarkace. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Maris 2016 ta cinye dubban shaguna, ambaliyar Kantin Kwari ta Agustan 2022 ta lalata kaya masu yawa. An lissafa asarar kaya, ba wanda ya lissafa littattafan lissafin da suka tafi. Gidan Arewa da ke Kaduna da Gidan Mambayya da ke Kano duk ƙarƙashinku suke, sun kuma san aikin adana takardu. A buɗe sashen takardun 'yan kasuwa, a riƙa ɗaukar hoton takarda a mayar wa masu ita abarsu.

A nan dole in juyo ga iyayena alhazai, domin na san halinmu. Ɗan kasuwa ba ya son a ga littafinsa. Yana tsoron jami'in haraji, yana tsoron baki, yana tsoron abokin hamayya, kuma a cikin littafin bashi akwai sunayen mutanen da asirinsu ya kamata ya rufu. Tsoron yana da dalili. Saboda haka, malamai, ba za ku samu komai ba sai kun zo ta hannun shugabannin kasuwa da Cibiyar 'Yan Kasuwa ta KACCIMA da masarauta, kun kuma rubuta alkawari: ba za a buɗe takarda ba sai bayan shekarun da mai ita ya yanka, za a ɓoye sunayen masu bashi, ba za a miƙa wa wata hukuma ba. Ku kuma alhazai, littafin bashin kakanku na 1940 ba abin da jami'in haraji zai yi da shi. Wanda ya gina masallaci ya haƙa rijiya, ya ƙara da ɗaukar nauyin fassara littafi ɗaya, ko albashin ɗalibi ɗaya da zai zauna da dattawan Kurmi da na'urar ɗaukar murya. Waɗanda suka ga zamanin dalar gyaɗa da idonsu, suka yi aiki a masaƙun Kaduna da na Bompai da Sharaɗa kafin su durƙushe, sun haura saba'in yanzu.

Kuɗin aikin ba zai gagara ba. Asusun TETFund da ke ɗaukar nauyin bincike da buga littattafai a jami'o'i daga harajin da kamfanoni ke biya aka gina shi, wato daga aljihun kasuwa ya fito, ba laifi ba ne wani kaso ya koma kasuwa a matsayin littafi. Abin da na fi jin zai hana shi ne tsarin ƙarin girma. Malami ya san maƙala ɗaya a mujallar waje, wadda mutum ashirin za su karanta, ta fi ɗaga shi a kan littafin Hausa da mutum dubu hamsin za su amfana da shi. Ba zan zargi wanda ya bi inda ci gabansa yake ba. Amma ku ne kuke zama a majalisar dattawan jami'a, ku ne kuke rubuta ma'aunin. Ku sa fassara da littafin dubawa na harshen gida su zama aikin da ake ƙirgawa, idan sun bi ta hannun masu tantancewa kamar kowane aiki.

Akwai ƙaramin abu ɗaya da ba ya buƙatar jiran kowa. Daga zangon karatu mai zuwa, duk ɗalibin digiri na biyu ko na uku da ya yi bincikensa a wata kasuwa, a wajabta masa rubuta taƙaitawa ta shafi biyu da Hausa, ya kai wa shugabannin kasuwar da hannunsa, ya karanta musu, su sa hannu cewa sun ji, kafin a sallame shi. Kofi ɗaya ya zauna a ofishin ƙungiyar kasuwa, ɗaya a shafin jami'a na intanet inda kowa zai iya saukewa. Shugaban sashe ɗaya zai iya fara wannan da takardar umarni guda.

Allah ya ƙara wa malamai lafiya da basira, ya sa albarka a karatun ɗalibai da cinikin 'yan kasuwa.

Wassalam.

Naku,
Wani akawun 'yan kasuwa,
Kano.